Kwanon Samira a Kan Bonet

Ranar sadakar uku gidan nan na Catford ya cika har kan matakala. Maza muna falo, mata suna kicin da ɗakunan sama, takalma sun taru a bakin ƙofa har ba ta buɗuwa sosai. Duk wanda ya shigo magana ɗaya yake yi: Allah ya ji ƙan Malam, mutum ne mai haƙuri. Liman ya faɗa, likitan da ya zo daga Barking ya faɗa, tsofaffin da suka zo karatu tun suna samari suka tsufa a nan su ma suka faɗa. Na yi ta cewa amin har bakina ya gaji. Amma ni na san mijin yayata, kuma da za a tambaye ni, ba da haƙuri zan fara ba. Da taurin kai zan fara.

Bayan la'asar wani tsohon Bature ya shigo yana dogara sanda. Ya ga tarin takalma, ya sunkuya da ƙyar ya cire nasa, ya zauna a cikinmu bai san abin da ake cewa ba. Can ya ce da yarensu, shekara talatin suna aiki a gareji ɗaya, bai taɓa ganin mutumin da yake jin ciwon inji da kunne kamar Malam ba. Sai ya fashe da kuka. Jikoki suka leƙo daga matakala suna kallonsa.

Da ya tafi, babbar 'yar marigayin ta same ni a ƙofar kicin. Ta ce, "Kawu, wai da gaske ne abin da mutumin nan ya gaya mini? Baba ya taɓa yin racing da mota?"

Yaya tana zaune a kan darduma cikin kayan takaba. Tun da aka yi rasuwar ba a ji komai daga bakinta ba sai amsa gaisuwa. Sai ga shi ta yi dariya, 'yar gajeriya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Tambayi kawunki. Shi ya jawo mini asarar kwano."

Yarinyar nan tana wurin ranar da aka yi abin, amma a goye. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don kada a tafi da mutum a bar mana kalma ɗaya tak a kansa.

Malam ɗan ƙanwar babanmu ne, wato taubashina ne kafin ya zama mijin yayata, don haka ina da izinin tsokanarsa ta fuska biyu, kuma ban taɓa barin izinin ya lalace ba. Marayan uba ne, Baba ya riƙe shi tun yana ƙarami. Da gwamnati ta ɗauke shi ya zo Ingila karatun injiniya, Baba ya cika mota da dangi aka raka shi filin jirgin Kano, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa ɗansa ne zai je ya dawo injiniya. Bayan shekara biyu aka ɗaura masa aure da Yaya aka tura masa ita. Daga nan sai wasiƙu. Kowace wasiƙa da abin da take ƙarewa da shi: in Allah ya yarda, baɗi. Innarmu ta rasu ana jiran baɗin nan.

Sai kuɗin fetur ya zo. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da nake nufi. Duk wanda yake da takarda a hannu, kujera tana jiransa a gida tun bai sauka daga jirgi ba. 'Yan uwanmu a London suka yi ta haɗa kaya, kowa da doguwar motarsa a jirgin ruwa da firji da talabijin. Ni ma a lokacin ne ma'aikatarmu ta turo ni kwas na wata tara. Kafin in taso Baba ya kira ni zaure. Idonsa ya riga ya tafi, jikin ma ba ƙwari. Ya ce, "Ka ce wa yaron nan ya kawo mini 'yata in ji muryarta kafin in tafi. Shi ma ina nemansa."

Na iso na isar da saƙo tun ban gama cin tuwon farko ba. Malam ya saurara har na gama, ya suɗe hannu, ya ce, "Madalla. Bari in gama motar nan."

Yaya ta ɗauke kwanuka. Daga baya ta gaya mini shekara uku ke nan ana gama motar nan.

Washegari ya kai ni in gan ta. Garejin da yake aiki yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, duk bayan 'yan mintuna rufin ya yi ta rawa. Na ɗauka babban injiniya ne mai kula da wurin, ban kawo komai a raina ba. A can ƙurya ya yaye wani tamfol. Wallahi da na gan ta dariya ta kama ni. 'Yar mitsitsiyar mota ce mai kujera biyu, rufinta na tufa duk ya yage, in ka zauna a ciki kana iya taɓa kwalta da hannu. Wani ne ya kawo ta gyara, aka ga injin ya tsage, ya ce su yi yadda suka ga dama da ita.

Na ce, "Malam, mutane suna tura motoci kamar jirgin ƙasa gida, kai kana fama da kwandon kaji?"

Ya ce, "Akawu, ba ka san komai ba." Akawu yake kirana har ya koma ga Allah, ko bayan na yi ritaya.

Nufinsa shi ne ya cire mataccen injin ya sa mata na babbar mota, ya rage mata nauyi, ya kai ta wani tsohon filin jiragen yaƙi a bayan gari inda masu ƙaramin ƙarfi irinsu suke taruwa ran Lahadi. Ba tseren gamayya ba ne, mota ɗai-ɗai take shiga ana duba mata agogo. Baturen nan da ya zo gaisuwa, abokin aikinsa, shi ya fara kai shi kallo, abin ya shiga ransa.

Yadda yake aiki kuwa, ban ga na biyunsa ba. In aka kawo mota ba ya tambayar mai ita komai. Doguwar sukudireba yake ɗauka, ya dafa bakinta a jikin inji, ya kara ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Fistin na uku ne yake ƙarya." A kwance, a ga na ukun ne. Ba ya riƙe tef na awo. Da taƙi da yatsa yake auna komai, yana cewa tef yana ɓacewa, hannu kuwa kullum yana tare da shi. In lokacin salla ya yi, ya wanke hannu da sabulu sau uku kafin alwala, ya shimfiɗa kwali a bayan injin walda, amma baƙin nan na ƙarƙashin farce bai taɓa fita ba. Ɗalibanmu kuma da suke sayen gwanjon motoci suna mutuwa musu a titi, duk wurinsa suke turowa. Ba ya karɓar ko sisi. In yaro ya sa hannu a aljihu sai ya daka masa tsawa: "Tafi ka ci jarrabawarka, shi ne ladana. In ka faɗi kada ka ƙara zuwa nan."

Ni dai na yi dabarata irin ta akawu. Na ce tunda mota ce ta tare hanya, to, a gama motar. Duk Asabar sai in shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa in sauya zuwa bas in je garejin. Muka cire kujerar fasinja, muka ɓamɓare kafet, muka kwance bamba gaba da baya, muka jefar da rufin. Ya lanƙwasa wani kakkauran bututu ya yi masa walda a bayan kujerar direba saboda ko ta kife. Tayoyi na hannu muka samo. Muka kwance bonet muka jingine shi a bango. Saura inji.

Wata Asabar aka ce akwai injin wata babbar mota da ta yi haɗari a wurin masu sayar da tarkace a Edmonton. Malam aiki ya riƙe shi, ya ce in je. Ya ce, "Ka auna daga ƙasan tankin baƙin mai zuwa saman kafireto. In bai wuce taƙi uku ba, ɗauko."

Na je, na durƙusa cikin taɓo, na auna sau biyu. Taƙi uku cif. Na sa aka ɗora a bayan a-kori-kura na dawo ina hura hanci. Abin da bai zo mini a rai ba shi ne, hannun Malam gajere ne mai kauri, nawa kuwa dogayen yatsun mai riƙe biro ne. Taƙina uku ya kusa nasa uku da rabi. Ya zagaya injin sau ɗaya, ya dube ni, ya ce, "Akawu ya yi ƙoƙari."

Wata biyu muka yi a kansa. Ƙafafun injin ba su zauna a gurbin tsohon ba, ya yanko ƙarfe ya ƙera sababbi. Giya ta fi tsohuwar tsawo, ya yanke farfela ya rage ta ya sake haɗawa, sandar giyar ta ɓullo can baya kusa da gwiwar hannu. Lagireto ya ɗauko na wata motar haya. Salansa kuwa guntu uku ya haɗa, kowanne daga motarsa daban. Ranar da ya tayar da ita, ƙarar ta rufe ta jirgin da yake wucewa a sama. Na yi tsalle kamar ba magidanci ba. Muka ɗauko bonet muka ɗora.

Ya ƙi rufuwa. Kafireto ya tokare shi, saura yatsa uku.

Malam ya goge hannu da tsumma a hankali. Ya ce, "Ai ka gani. Dole a sauke shi a nemi wani. Sai dai bayan hunturu." Na dube shi. Mutumin da aikin wata biyu ya lalace masa, amma fuskarsa sakayau, har da ɗan murmushi. Ni kuwa mako shida ya rage mini in koma gida, kuma a makon nan wasiƙa ta zo cewa Baba ya daina fitowa zaure sai an riƙe shi.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na wuce gida na zayyana wa Yaya komai. Ta ce in nuna mata da hannu yadda abin ya tokare, na nuna. Ta shiga ɗaki. A ƙarƙashin gadonta akwai akwatin ƙarfe da ta haɗa tun shekara uku, tana jiran tafiya. A ciki akwai samiru shida, su kaɗai ta iya tahowa da su daga cikin jeren da Inna ta tara mata tun tana yarinya. Ba ta taɓa zuba abinci a cikinsu ba. Ta ɗauko ɗaya, fara mai jajayen furanni, ta naɗe a zane, ta goya yarinya, ta ce in shige gaba.

Tun da ta zo ƙasar nan ba ta taɓa taka garejin ba sai ranar. Ta kwance zanen ta kifa samirar a kan bonet, daidai inda ya ƙi rufuwa. Ta ce, "Malam, huda nan. Abin ya leƙo ta sama, ka kifa masa wannan."

Ya ce, "Ke, kina da hankali? Kayan Inna ne fa."

"Na san na Inna ne. Inna ta mutu ban gan ta ba, kwanonta kawai nake da shi. Ba zan ƙara da Baba ba."

"Wa ya ce ba za mu je ba? Na ce bari in gama..."

"Ga shi na kawo maka abin gamawa."

Ya ɗaga murya, ya ce mace ba ta san aikin mota ba, ya ce ni na zuga ta, ya ce mu fita mu ba shi wuri. Baturen nan ya ajiye sifana ya fice shan shayi ba lokacin shayi ba. Yaya ba ta motsa ba. Ta ce, "Ka gaya wa ƙanena ko ni in gaya masa? Shekara goma ina rufa maka asiri, na gaji."

Ya zauna a kan taya. Jirgi ya wuce, muka jira ya gama wucewa. Sannan ya ce, "Akawu, ba ni da takarda. Sau biyu na faɗi jarrabawa, a shekara ta uku aka yanke mini tallafin. Ni ba injiniya ba ne, bakanike ne, ɗan aiki a wurin mutane. Tun ranar da ka sauke injin nan na ga ya yi tsawo, na yi shiru." Ya dubi hannayensa. "Mutumin nan ya tara gari ya ce zan dawo injiniya. Ya ba ni 'yarsa a kan haka. Da wane baki zan gaishe shi?"

Na ji kunya, na ji tausayinsa, kuma ban ɓoye ba, na ji haushinsa saboda Inna. Yaya ce ta yi magana. Ta ce, "Da bakin da kake gaishe shi a wasiƙa. Tashi ka huda."

Da kansa ya zana da'irar, da kansa ya yanka. Da ya zo huda leɓen samirar, fentin ya ɓanɓare a wuri huɗu, Yaya ta juya baya har ya gama ɗaure notuna. Bonet ya rufu ƙyas. Ga jajayen furannin Inna a tsakiyar gaban mota.

Lahadi ta biyu bayan nan muka tafi filin. Baturen ya ja motar da tasa, mu muka bi a bas da kular shinkafa da fulas ɗin shayi. Fili ne fetal, iska kamar za ta cire wa mutum kunne, an jera dammunan ciyawa a kwanoni. Mai duba motoci kafin a shiga ya zagaya tamu, ya girgiza ƙarfen kariya, ya taka burki, sannan ya tsaya a kan samirar. Ya ƙwanƙwasa ta da biro, ta yi ƙara. Ya tambaya mene ne wannan. Malam ya ce masa, kayan gado ne na matata. Mutumin ya ja ta da hannu biyu ya ga ba ta motsi, ya sa hannu a takarda. Kafin a jima rabin filin sun zo kallo suna dariya. Yaya ta gyara goyonta ta ɗauke kai kamar ba ta san motar ba.

Zagaye uku ake ba kowa. Malam ya sa hular kwano ta aro, ta yi masa yawa, na ga leɓensa yana bisimilla. A na farko, da ya zo kwana ta biyu ya taka mai da wuri, injin ya fi ƙarfin 'yar motar, bayanta ya wuce gabanta, ta yi juyi biyu ta shige cikin ciyawa. Yaya ta ce, "Innalillahi!" ta damƙe hannuna har sai da farcenta ya shiga. Ya fito yana kakkaɓe ciyawa yana dariya. Na biyu ya bi a hankali kamar mai kai amarya. A na uku ne ya sake ta. Ban san mota ba, amma na ji yadda ƙarar take hawa tana sauka ba gargada, na ga ɗigon fari da ja yana tafiya can ƙarshen fili yana dawowa. Sai na ji Yaya, matar da ba a jin muryarta daga ɗaki zuwa falo, tana ihu, "Taka, Malam! Taka!"

Bai zo na ɗaya ba, bai ma yi kusa ba. Can ƙasa-ƙasa sunansa ya fito a allo, da mutum biyu a bayansa. Ya kashe injin ya daɗe a zaune bai cire hular ba. Da ya fito ya miƙa wa Baturen makulli, ya ce ya riƙe ta. Ya juyo wurina ya ce, "To, ta ƙare. Akawu, gobe ka je ka yi mana booking ɗin jirgi."

Jirgi ɗaya muka hau. Wata biyu suka yi a gida suka koma London, don a can aikinsa yake, kuma a can muka binne shi makon jiya. Amma daga wannan shekarar bai ƙara tsallake shekara biyu bai zo gida ba.

A tafiyar nan tamu, tun daga London har Kano Malam bai ci komai ba. Ina jinsa yana ta maimaita abin da zai faɗa a ƙasan maƙoshi. Da muka isa, an riƙo Baba an fito da shi zaure an jingina shi da matashi. Yaya ta wuce mu da gudu ta faɗa jikinsa tana kuka, yana shafa kanta yana cewa, "Yi magana in ji, yi magana." Sai da aka janye ta cikin gida sannan Malam ya cire takalmi ya durƙusa. Zauren cike yake da dattawan da suka raka shi filin jirgi, waɗanda suka rage. Ban taɓa zaton a gabansu zai faɗa ba.

Ya ce, "Baba, karatun da aka tura ni, ban gama ba. Ba ni da takarda. Gyaran mota nake yi."

Baba ya lalubo hannunsa ya riƙe, ya bi tafin da babban yatsa, ya bi kantar da tabon ƙuna ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Wannan na ji shi tun shekara tara, wani ɗalibi da ya dawo ya gaya mini. Na hana a rubuta maka don kada ka ji kunya." Sannan ya ce, "Ashe kunyar ce ta riƙe ka. Da na sani da na rubuta, da uwar yarinyar nan ta gan ta. Ka yafe mini."

Malam ya kifa goshi a kan gwiwar Baba. Ban taɓa jin babban mutum ya yi kuka irin wannan ba, kuma babu wanda ya ce masa ya yi haƙuri. Baba ya yi kwana arba'in da wani abu bayan nan ya rasu, Malam ne ya yi masa wanka.

Allah ya gafarta musu su duka, ya yalwata musu makwanci, ya haɗa su inda babu wanda zai ji kunyar wani. Mu kuma da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.